Izinin Waƙa da Makomar Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin na Amurka

Wannan sharhi ya shafi wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu sha'awar tsofaffin shirye-shiryen talabijin na Amurka tuwo a ƙwarya, wato yadda shirin da miliyoyin mutane suka kalla a shekarun 1970 da 1980 yake kasa fitowa a faifan da mutum zai saya ya ajiye a gidansa, ko kuma ya fito bayan an zare masa waƙoƙin da aka san shi da su an cusa wasu a madadinsu. Galibi kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan shirye-shirye suna da kwafi mai kyau a ma'ajiyarsu, masu son saye kuma suna nan suna jira, sai dai abin da ke tsare shirin shi ne izinin waƙa, wanda aka karɓa na ɗan wa'adi tun zamanin da babu wanda ya zaci za a wayi gari ana sayar da wasan talabijin a kanti kamar yadda ake sayar da littafi.

Tushen matsalar yana cikin yadda dokar haƙƙin mallaka take kallon waƙa, domin abin da kunne yake ji a matsayin waƙa guda, doka tana ganinsa dukiya biyu ce mai masu ita daban-daban. Dukiya ta farko ita ce ginin waƙar, wato baitocinta da karinta, kuma wannan na wanda ya tsara ta ne, ko da yake a Amurka yawanci yakan miƙa kula da ita ga kamfanin dillancin waƙoƙi, wanda aikinsa shi ne bayar da izini da karɓar kuɗi a madadinsa. Dukiya ta biyu ita ce sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wato muryar wani mawaƙi takamaimai da kiɗan makaɗansa a wata rana takamaimai, kuma wannan galibi yana hannun kamfanin faifan da ya biya kuɗin ɗaukar. Saboda haka furodusan da yake son ya sa wata sananniyar waƙa a ƙarƙashin hoton shirinsa sai ya nemi lasisi biyu, ɗaya daga masu ginin waƙar, wanda ake kira lasisin haɗa waƙa da hoto, ɗaya kuma daga masu faifan asali. Idan mutum uku ne suka tsara waƙar, kowannensu da nasa dillalin, to ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sun ƙaru, kuma ƙin amincewar mutum guda ya isa ya rushe na sauran, kamar gidan gado da ba ya sayuwa muddin magaji ɗaya ya ƙi sa hannu.

Akwai kuma haƙƙi na uku wanda sau da yawa yake rikita masu sauraro, shi ne haƙƙin watsa waƙa ga jama'a. Tashoshin rediyo da talabijin a Amurka ba sa neman izinin kowace waƙa ɗaya bayan ɗaya kafin su watsa ta, domin suna biyan kuɗin jimla a kowace shekara ga ƙungiyoyin tattara haƙƙi, musamman ASCAP da aka kafa a 1914 da BMI da aka kafa a 1939, su kuma su rarraba wa mambobinsu. Wannan lasisin jimla ya tsaya ne a kan watsawa ta iska, bai shafi buga kwafi a kaset ko faifai a sayar ba. Shi ya sa shiri yakan iya ci gaba da fitowa a tasha da waƙoƙinsa cif, amma ranar da aka ce za a zuba shi a faifai sai a tarar da cewa dole a koma a sake ciniki da kowane mai haƙƙi daga farko, kuma babu wani farashi da doka ta yanka, abin da mai waƙa ya faɗa shi ne kuɗinta.

Dalilin da ya sa furodusoshin wancan zamani ba su sayi izini na dindindin ba a bayyane yake idan aka dubi tarihin na'urorin. Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, amma shekaru masu yawa bayan haka kasuwar kaset ta fina-finai ce, domin zango guda na wasan talabijin yakan kai kashi ashirin da 'yan kai, wanda zai ci tarin kaset ɗin da ba kowa zai saya ba. Faifan DVD, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1997, shi ne ya sauya lissafin, kuma fitowar zangon farko na The X-Files a kwali guda a shekarar 2000 ta nuna wa kamfanoni cewa akwai kuɗi a tsofaffin shirye-shiryen da ke kwance a ma'ajiya. Furodusan da ke aiki a 1978 ko 1988 yana fama ne da kasafin mako-mako, don haka yakan sayi izini mafi araha, na nunawa a talabijin kawai, a ƙasa kaza, na shekaru kaza. Ba sakaci ba ne a mahangar lokacin, amma shi ne bashin da aka bar wa na baya.

Kotuna sun sha fama da tambayar ko tsohuwar yarjejeniya ta haɗa da na'urar da ba a ƙirƙira ba lokacin da aka sa hannu, kuma hukunce-hukuncensu ba su bi hanya ɗaya ba. A shari'ar Cohen da kamfanin Paramount, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin Amurka ta yanke a 1988, an duba lasisin 1969 da ya ba da izinin amfani da wani kiɗa a fim ɗin Medium Cool don nunawa a silima da talabijin, sai kotun ta ce sayar da kaset ɗin bidiyo bai shiga cikin nunawa a talabijin ba, ko da kuwa a akwatin talabijin ake kallonsa, tunda na'urar bidiyo ta gida ba ta wanzu ba a 1969. Shekaru goma bayan haka, a 1998, wata kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta dubi yarjejeniyar 1939 da Disney ya ƙulla kan kiɗan Igor Stravinsky da aka sa a fim ɗin Fantasia, ta ce lafazinta yana da faɗin da zai iya ɗaukar bidiyo. A tsakanin waɗannan biyun, mawaƙiya Peggy Lee ta ci Disney a kotu a 1991 kan sayar da kaset ɗin Lady and the Tramp, aka yanke mata dala miliyan 2.3. Darasin da lauyoyin kamfanoni suka ɗauka shi ne kada a fitar da komai sai an wanke kowace waƙa, wato an samo izininta, inda kuwa aka yi shakka a cire ta.

Babu shirin da ya fi bayyana wannan ciwo kamar WKRP in Cincinnati, wasan barkwanci da Hugh Wilson ya ƙirƙira, wanda tashar CBS ta nuna daga 1978 zuwa 1982, kuma labarinsa na ma'aikatan wani gidan rediyo ne da ke durƙushewa har ya koma sanya waƙoƙin zamani don ya farfaɗo. Tunda gidan rediyo ne dandalin wasan, waƙoƙin da ake ji na gaske ne, na mawaƙan da ke tashe a lokacin, kuma masu gabatarwa a cikin wasan suna ambaton sunayensu, suna rausayawa da kiɗan, wani lokaci ma dariyar fage kacokan a kan waƙar aka gina ta. An ɗauki shirin a tef ɗin bidiyo maimakon fim, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kuɗin izinin waƙa ya fi sauƙi ga shirye-shiryen tef. Da wa'adin lasisin ya cika, sai kwafin da ake sayar wa tashoshi a shekarun 1990 ya fito da kiɗan ma'ajiya marar suna a gurbin waƙoƙin, har ta kai ga sake ɗaukar muryar wasu maganganu inda ɗan wasa ya furta baitin waƙa, aka sa masa wasu kalmomin da ba su da ma'ana a wurin.

Akwai wani fage da ya cancanci a dube shi da kyau, a cikin kashin da ya fi kowanne shahara, wanda ake rabon talotalo albarkacin bikin godiya na Amurkawa. Manajan gidan rediyon, Arthur Carlson, mutum mai kirki da bai san kan waƙoƙin samari ba, yana zagayen ma'aikata yana neman ya nuna cewa shi ma yana da amfani, sai ya shiga ɗakin watsa shiri ya tarar da mai gabatarwa Johnny Fever a kishingiɗe, waƙar ƙungiyar Pink Floyd mai suna Dogs tana juyawa, a cikinta kuwa akwai haushin karnuka na gaske. Manajan ya tsaya yana kasa kunne cikin ruɗani, yana son ya tabbatar ko karnuka yake ji, shi kuma mai gabatarwa ya amsa masa ba tare da ko motsawa ba. Idan aka zare wannan faifai, abin da ya rage shi ne dattijo yana tambaya kan sautin da mai kallo ba ya ji. Lokacin da kamfanin Fox ya fitar da zangon farko a DVD a 2007 an sauya yawancin waƙoƙin, an datse wasu fagage, masu saye suka yi tir, ciniki ya yi ƙasa, kamfanin kuma bai sake fitar da sauran zangunan ba. Sai a 2014 kamfanin Shout! Factory ya fitar da shirin gaba ɗaya da mafi yawan waƙoƙinsa na asali, amma duk da ƙoƙarin da aka yi, waƙar Pink Floyd ɗin ba ta samu ba, sai aka sa wani kiɗan mai kama da ita.

Abin da ya faru a 2007 yana nuna wani mugun zagaye da ya kamata a lura da shi. Kamfani yakan ce ba zai kashe kuɗin waƙa ba saboda bai tabbata kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba, sai ya fitar da gurgun kwafi, masoyan shirin, waɗanda su ne kaɗai za su saya, su ƙaurace masa, sannan kamfanin ya ɗauki ƙarancin cinikin a matsayin hujjar cewa shirin ba shi da kasuwa. Wasan Murphy Brown, wanda CBS ta fara nunawa a 1988 kuma ya jingina sosai da waƙoƙin kamfanin Motown, zangonsa na farko ne kawai ya fito a DVD a 2005, duk da cewa shiri ne da ya taɓa shiga tsakiyar siyasar Amurka a 1992, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle ya soke shi a bainar jama'a kan batun haihuwa ba aure. Mai nazarin siyasar wancan lokaci da ke son ganin abin da ya jawo ce-ce-ku-cen ba zai same shi a kanti ba.

Yawan waƙoƙin ma kansa wani dutse ne. Shirin The Wonder Years, wanda ABC ta nuna daga 1988 zuwa 1993, labarin tasowar wani yaro ne a ƙarshen shekarun 1960, zamanin yaƙin Biyetnam, kuma waƙoƙin wancan zamani su ne suke gaya wa mai kallo shekarar da ake ciki da halin da zukata suke ciki. Sai da aka shafe fiye da shekara ashirin bayan ƙarewarsa kafin ya fito a DVD a 2014 ta hannun Time Life, wanda ya sanar da cewa ya wanke waƙoƙi 285, kimanin kashi 96 cikin ɗari na abin da ke cikin shirin. Shekara guda kafin nan kamfanin ya yi irin wannan aiki a kan China Beach, wasan da ya shafi ma'aikatan jinya a fagen yaƙin Biyetnam, inda aka wanke waƙoƙi 302. Tunda kowace waƙa tana buƙatar aƙalla amincewa biyu, ana maganar ɗaruruwan yarjejeniyoyi ke nan a kan shiri guda. Wani sharaɗi da masu haƙƙi suke yawan sakawa yana ƙara tsananta lamarin, wato sharaɗin daidaito, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya yarda da farashi kaza ya yarda ne bisa cewa ba za a biya wani fiye da shi ba, idan kuwa aka biya, sai a ɗaga nasa ya kai can. Ta haka tsadar mutum ɗaya takan zama tsadar kowa, kuma wannan ne ya sa wani lokaci ake barin waƙa guda mai muhimmanci a waje ko da akwai kuɗin sayenta ita kaɗai.

Cewa ana iya yin aikin idan an ƙudurta, misalai sun tabbatar. Universal ya fitar da Miami Vice daga 2005 da waƙoƙinsa na asali, domin kowa ya san shirin ba shi da sauran armashi in babu su. Masu Freaks and Geeks, wanda kashi 18 kawai aka yi kafin NBC ta dakatar da shi a 2000, sun ƙi yarda a fitar da shi da canjin kiɗa, sai a 2004 Shout! Factory ya ɗauki nauyin biyan komai ya sayar da tsada, masoya kuma suka saya. Ba abin mamaki ba ne cewa waɗanda suka kafa wannan kamfani sun fito ne daga kamfanin faifai na Rhino, inda suka ƙware wajen bin diddigin masu tsofaffin waƙoƙi. Sai dai irin wannan nasara takan samu ne ga shirin da ke da masoya masu naci da abin hannu, shirin da ba shi da gata kuwa yana nan inda yake.

Inda lamarin ya wuce nishaɗi ya taɓa tarihin al'umma shi ne labarin Eyes on the Prize, shirin gaskiya na sa'o'i 14 kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ta neman 'yanci, wanda Henry Hampton da kamfaninsa Blackside suka shirya, tashar PBS ta nuna kashi shida na farko a 1987 da takwas na biyu a 1990. An gina shi da hotunan labarai na lokacin, da hirarraki da waɗanda suka yi tattakin da waɗanda suka tare su, da waƙoƙin coci da na zanga-zanga waɗanda su ne ƙashin bayan gwagwarmayar. Saboda ƙarancin kuɗi, izinin hotuna da waƙoƙi da yawa na 'yan shekaru aka saya, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 shirin ya daina fitowa a talabijin, ba a kuma iya buga sabon kwafi, makarantu suka dogara da tsofaffin kaset da ke ƙara lalacewa. Hampton ya rasu a 1998 shirin yana cikin wannan hali. Sai da Gidauniyar Ford ta ba da dala 600,000, attajiri Richard Gilder ya ƙara dala 250,000, kafin aka sabunta izinin aka sake nuna kashi shida na farko a 2006. Kimanin shekara goma ke nan da aka raba ɗalibai da ɗaya daga cikin muhimman bayanan tarihin ƙasarsu, ba tare da wata hukuma ta haramta shi ba.

A cikin wannan shiri akwai ɗan gajeren fage da aka ɗauka a Janairun 1968, inda abokan aikin Martin Luther King suke rera masa waƙar murnar zagayowar ranar haihuwa da ya cika shekara 39, wadda ita ce ta ƙarshe a rayuwarsa, domin an harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilun shekarar. Ba furodusa ne ya zaɓi waƙar ba, mutanen da ke ɗakin ne suka rera ta, kyamara kuma ta ɗauki abin da ya faru, amma duk da haka ta kasance cikin abubuwan da aka nemi kuɗi a kansu, domin a lokacin kamfanin Warner/Chappell yana iƙirarin mallakar waƙar tun da ya sayi kamfanin da ke riƙe da ita a 1988. A 2013 wata mai shirya fim, Jennifer Nelson, ta kai ƙara, a Satumban 2015 alƙali George King na kotun tarayya da ke Los Angeles ya yanke cewa kamfanin bai tabbatar da mallakar baitocin ba, a 2016 kuma kamfanin ya amince ya mayar da dala miliyan 14. Ma'ana an shafe shekaru ana karɓar kuɗi, ana kuma tilasta wa masu shirya fim su datse fage, a kan haƙƙin da bai tsaya a gaban kotu ba, saboda biyan kuɗin ya fi shari'ar araha ga kowane mutum guda.

Adalci ya wajabta a saurari ɓangaren masu waƙa, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Wanda ya tsara waƙa ya ba da ita ne a farashin nunawa a talabijin na 'yan shekaru, idan kuwa kamfani ya samo sabuwar hanyar cin riba da shirin, babu dalilin da zai sa kowa ya samu rabo ban da shi, kuma tarihin masana'antar waƙa a Amurka cike yake da mawaƙa, musamman baƙaƙen fata, da aka saye aikinsu da kuɗi ƙalilan suka mutu a talauce. Sai dai abin tambaya shi ne ko kuɗin yana kaiwa gare su, tunda mafi yawan tsofaffin waƙoƙi sun tattaru a hannun manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, waɗanda kowannensu yake da ɓangaren faifai da na dillanci. Labarin Paula Cole ya haska wannan. Waƙarta ce take buɗe shirin Dawson's Creek da aka fara a 1998, amma a yawancin faifan DVD da kuma manhajojin kallo ta intanet aka musanya ta da wata ta Jann Arden don rage kuɗi, kuma ba ta dawo ba sai a 2021, bayan mawaƙiyar ta sake ɗaukar waƙar da kanta ta mallaki sabon sautin. Haka nan waƙar da aka zare daga shiri ba ta kawo wa mai ita ko sisi, alhali kwafin da mutane suka naɗa daga talabijin da waƙoƙinsa cikakku yana yawo a hannun 'yan kasuwar bayan fage, waɗanda ba sa biyan kowa.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne cewa haƙƙin a biya mutum ladan aikinsa daban yake da ikon binne aikin wasu, kuma dokar Amurka ta haɗa su wuri guda ba tare da buƙata ba. Akwai hikima a bar wa mai waƙa ikon ƙin yarda a sa waƙarsa a tallar da bai so ko fim ɗin da ya saɓa wa aƙidarsa, amma a tsohon shiri ya riga ya yarda tun farko, fagen bai sauya ba, abin da ya sauya kawai shi ne akwatin da ke ɗauke da shi. A irin wannan hali abin da ya dace a tattauna shi ne nawa za a biya, ba ko za a yarda ba. Ita kanta Amurka ta san wannan hanya, domin tun dokar 1909 ta tanadi lasisin dole ga mai son sake rera waƙar da aka riga aka fitar a faifai, inda yake biyan farashin da hukuma ta yanka ba tare da neman yardar kowa ba, farashin da ya fara da santi 2 a kowane kwafi ya kai santi 12 a 2023. Ƙasashen arewacin Turai kuma sun daɗe da tsarin da ƙungiyar tattara haƙƙi take ba da izini a madadin kowa, har da waɗanda ba mambobinta ba, kuma da shi tashoshinsu suke buɗe tsofaffin ma'ajiyoyinsu, sannan Tarayyar Turai ta yi tanadi makamancin wannan a 2019 game da ayyukan da suka ɓace daga kasuwa. Jira har wa'adin haƙƙin ya ƙare ba mafita ba ce, tunda dokar 1998 ta kai shi shekara 95 ga ayyukan kamfanoni.

Mai kallon fina-finan Hausa zai iya ganin wannan rikici baƙo ne, domin a Kannywood, kamar yadda yake a fina-finan Indiya, yawanci don fim ɗin ake yin waƙar, furodusa ya biya mawaƙi da mai kiɗa, waƙa da fim su tafi tare. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta lissafa ginin waƙa da ɗaukar sauti da aikin hoto mai motsi a matsayin dukiyoyi mabambanta, kuma yayin da tsofaffin fina-finan kaset da wasannin tashoshin talabijin suke komawa YouTube, inda na'ura ke gane sauti ta karkatar da kuɗin talla ga wanda ya yi rajistarsa, cinikin da aka yi da baki shekaru ashirin da suka wuce zai fuskanci irin tambayar da kotunan Amurka suka fuskanta.

Zuwan kallo ta intanet bai warware matsalar ba, ya dai sauya mata kama. Gaskiya ne cewa sababbin yarjejeniyoyi sukan haɗa da kowace irin na'ura, ta yanzu da wadda za a ƙirƙira, kuma wasu tsofaffin shirye-shirye sun samu fita, kamar Moonlighting da ya isa Hulu a 2023 bayan dogon aikin wanke waƙoƙinsa. Amma kasuwar faifai, wadda ita ce take biyan kuɗin irin wannan aiki, ta ja baya ƙwarai tun daga tsakiyar shekarun 2000, kuma shirin da ke kan manhaja ana iya sauya masa sauti cikin dare ba tare da mai kallo ya sani ba, kamar yadda waƙoƙi da dama na shirin Scrubs suka bambanta tsakanin faifansa da kwafin intanet. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kan kamfanoni, tun kafin a gyara doka, shi ne su faɗi gaskiya. Lokacin da aka fitar da shirin Daria na MTV a 2010, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, Glenn Eichler, ya sa takarda a cikin kwalin yana bayyana cewa an sauya kashi 99 cikin ɗari na waƙoƙin saboda kuɗin izininsu zai hana fitar da shirin baki ɗaya, mai saye kuma ya san abin da ya saya. Yawancin kamfanoni sukan wadatu da ɗan rubutu ƙanana a bayan kwali cewa kiɗa zai iya bambanta da na talabijin, manhajojin intanet kuwa ko wannan ba sa yi, alhali kamfanin da ya yi canjin yana da jerin kowace waƙa da aka cire da minti nawa take a kowane kashi, kuma wallafa wannan jerin ba ya buƙatar izinin kowa.